Wasannin Kwamfuta A Kan Linux: Abin Da Ya Kamata Masu Shagunan Funtuwa Da Malumfashi Su Sani

Daga Wakilinmu

A ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da babbar manhajar nan tasa da a ke kira Windows 10, bayan ta yi shekara goma tana aiki. Wannan labari bai tayar da ƙura ba a kasuwar hatsi ta Dandume, haka kuma bai canza farashin buhun masara a Bakori ba. Amma duk da haka ya shafi duk wani mai shagon buga takardu, da mai gidan wasan kwamfuta, da shugaban makarantar da ke da 'yan na'urori a ɗaki guda, tun daga Funtuwa har zuwa Malumfashi da Ƙafur.

Babbar manhaja dai ita ce wadda ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta, ta haɗa allo da madannai da ma'ajiya, sa'an nan sauran manhajoji su hau kanta su yi aiki. Janye hannun da kamfanin ya yi ba zai kashe na'urar kowa ba. Abin da ya ke nufi shi ne an daina toshe ƙofofin da ɓarayin intanet da cututtukan kwamfuta ke bi su shiga, sai fa ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adin shekara guda da aka tanada zuwa Oktoba 2026. Magajiyarta kuwa, watau Windows 11, tana da sharuɗɗa masu tsauri: sai na'ura tana da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma galibi sai ƙwaƙwalwarta ƙirar wajejen 2018 ce zuwa sama.

To, a nan ne maganar ta iso gida. Da yawa daga cikin kwamfutocin da a ke amfani da su a wannan yanki na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama cin moriyarsu, aka sauke su a Legas, suka bi ta kasuwar Ikeja da titin Beirut na Kano kafin su iso. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuma darajar naira ta faɗi, sayen sabuwar na'ura ya zama sai mai hannu da shuni. Saboda haka ne ya kamata a dubi wata babbar manhajar ta dabam, wadda ba a sayar da ita, watau Linux.

KAMAR IRIN DA MANOMI KE AJEWA

Wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds shi ne ya fara rubuta zuciyar Linux a shekarar 1991. Kafin wannan lokaci, tun 1983, wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya riga ya kafa shirin GNU da nufin samar da manhajojin da kowa ke da 'yancin amfani da su, da duba cikinsu, da gyara su, da raba wa jama'a. Haɗuwar waɗannan ayyuka biyu ita ta haifar da abin da a yau a ke kira buɗaɗɗiyar manhaja.

Manomin kudancin Katsina ba zai sha wahalar gane bambancin ba. Akwai irin masarar da a ke aurarwa, wanda tilas ne manomi ya koma wurin kamfani ya saya kowace damina, domin idan ya shuka abin da ya girbe yabanya ba za ta yi kyau ba. Akwai kuma irin da zai zaɓi zangarniya mai kyau ya rataye a rumbu, ya shuka baɗi, ya ɗiba ya ba maƙwabcinsa ba tare da ya nemi iznin kowa ba. Linux daga cikin kashi na biyu ta ke. Wanda ya kwafa wa ɗan'uwansa ita bai yi sata ba, saɓanin kwafin Windows na bayan fage da ya cika kasuwanni, wanda sau da yawa ya kan zo da cuta a cikinsa.

Linux tana zuwa iri-iri. Akwai Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar a 2004. Akwai Linux Mint da ta biyo baya a 2006, wadda fuskarta ta yi kama da ta Windows ƙwarai, kuma tana iya tashi a na'ura mai ƙaramin ƙarfi. Hasali ma duk mai riƙe da wayar Android yana ɗauke da Linux a aljihunsa, domin a kan zuciyarta aka gina manhajar wayar.

TAFINTA TSAKANIN MANHAJA DA MANHAJA

Shekaru da yawa babban abin da ke hana matasa kusantar Linux shi ne wasanni. Kamfanonin da ke ƙera su Windows su ke yi wa aiki, domin can ne kasuwa ta ke. Tun 1993 wasu masu sa kai suka fara wani aiki mai suna Wine, wanda ke tsayawa kamar tafinta: wasan ya yi magana da harshen Windows, shi kuma ya juya wa Linux. Amma a da sai gwani ne ke iya sarrafa shi.

Al'amura sun fara sauyawa ne a watan Fabrairu 2013, lokacin da kamfanin Valve na Amurka ya buɗe wa masu Linux kasuwarsa ta wasanni da a ke kira Steam. A watan Agusta 2018 ya fito da Proton, wanda aka gina a kan Wine aka sauƙaƙa shi, har ya zama mutum zai danna wasan Windows kawai ya tashi. Sa'an nan a watan Fabrairu 2022 kamfanin ya fara sayar da wata na'urar wasa ta riƙewa a hannu mai suna Steam Deck, wadda Linux ce a cikinta. Wannan ya sa masu ƙera wasanni suka fara kulawa ko kayansu na aiki a can. A yau dubban wasannin da aka yi domin Windows suna tashi a kan Linux, kuma ƙididdigar da kamfanin ke fitarwa wata-wata ta nuna masu amfani da ita sun haura kashi 3 cikin 100 na 'yan wasan Steam a watan Oktoba 2025. Kason ƙarami ne, amma ya ninka abin da ya ke kafin fitowar waccan na'ura.

INDA GIZO KE SAƘA

Duk wanda ya leƙa gidan wasa a Funtuwa ko Malumfashi da yamma ya san abin da ke tara samari, watau ƙwallon ƙafa. A nan kuwa labarin ba mai daɗi ba ne. Wasan ƙwallon nan na kamfanin EA, wanda aka sani da FIFA kafin a sauya masa suna zuwa EA Sports FC a 2023, sababbin fitowarsa ba sa tashi a kan Linux. Dalili shi ne wani ɗan sanda da kamfanin ke cusawa can cikin zuciyar Windows domin kama masu maguɗi, wanda tafinta ba ya iya kwaikwayonsa. Haka abin ya ke ga Fortnite da Valorant, kuma a ƙarshen 2024 masu Apex Legends suka rufe wa Linux ƙofa bisa wannan dalili. Saboda haka mai shagon da ƙwallo ce abincinsa, gara ya riƙe PlayStation ɗinsa.

Matsala ta biyu ita ce ta tsufan na'ura. Proton yana dogara ne da wata fasahar zana hoto mai suna Vulkan, wadda kwamfutocin ofis da aka ƙera kafin wajejen 2015 da yawa ba su iya ɗaukarta sosai. Linux za ta farfaɗo da tsohuwar na'ura ta yi rubutu da lissafi da ƙananan wasanni, amma ba za ta mayar da jaki doki ba.

Ta uku kuwa ita ce kuɗi. Manyan wasannin zamani wasu sun wuce gigabait 100, kuma da dala a ke sayen mafi yawansu. Idan aka haɗa kuɗin data da na man janareta a lokutan da babu wutar kamfanin KEDCO, sai a ga ribar mai shago ta tafi kafin yaro na farko ya zauna.

DARASIN SHEKARAR 2021

Mutanen wannan yanki ba su manta da watan Satumba 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Dandume da Faskari da Sabuwa. Sai a watan Disamba aka fara maido da su. A tsawon waɗannan watanni duk abin da ke buƙatar intanet ya tsaya cik.

Wannan ya nuna amfanin wasannin da ba su neman izni daga wata ƙasa kafin su tashi, kuma a wannan fanni Linux tana da arziki. Akwai SuperTuxKart na tseren motoci, wanda yara huɗu za su iya yi a allo ɗaya. Akwai 0 A.D., wasan gina gari da tsara rundunar yaƙi na zamanin da, wanda a cikin daulolinsa akwai na Afirka kamar Kush da Kartaj. Akwai Battle for Wesnoth, wanda mai son dara zai ji daɗinsa domin lissafi ya ke bukata, da kuma Luanti, wanda a da a ke kira Minetest, inda yaro ke gina gidaje da gonaki da tubala. Dukkansu kyauta ne, ba su da nauyi, kuma mutum ɗaya zai iya saukowa da su a Zariya ko Katsina ya kawo a filashi ya raba wa shaguna goma. Idan aka haɗa kwamfutocin shago da waya, samari za su kara da juna ko da babu sabis a gari.

DAGA WASA ZUWA ƊAKIN JARRABAWA

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan manomi da wasan yara? Amsar tana cikin ɗakin jarrabawa. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaron ƙauye da ya san darasinsa sarai, amma bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya kan ɓata lokaci mai tsada yana neman inda zai danna, alhali ɗan birni ya yi nisa. Wasa shi ne hanya mafi sauri ta cire wa yaro tsoron na'ura. Manhajar GCompris, wadda wani Bafaranshe mai suna Bruno Coudoin ya fara a shekarar 2000, tana ɗauke da ayyuka fiye da ɗari na koya wa ƙananan yara riƙe linzami da buga haruffa da ƙidaya, duk cikin sigar wasa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Nijeriya. A 2007 an gwada shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, kuma Linux ce a cikin na'urorin. A wajejen wannan lokaci ne kuma wani kamfani a Legas ya fito da Wazobia Linux mai ɗauke da Hausa da Yarabanci da Ibo. Duka biyun ba su bazu ba. Abin da aka koya shi ne na'ura ba ta isa ba idan babu malamin da ya iya ta, da mai gyara a kusa, da wutar da za a dogara da ita.

Iyaye kuma suna da hujjar yin ɗari-ɗari. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtukan da ta sani. A garin da a ke bukatar hannun yaro a gona lokacin noman fari da maimai, da makarantar allo da ta boko, shagon da ke karɓar yara a lokacin karatu ko ya hana su salla ba zai samu goyon bayan unguwa ba, kowace irin manhaja ya ke amfani da ita. Ƙayyade lokaci, da hana caca a kan wasa, da zaɓen abin da ya dace da shekarun yaro, nauyi ne a wuyan mai shago da masu unguwanni.

HANYAR GWAJI

Ba lallai ne mutum ya goge abin da ke cikin na'urarsa ba kafin ya ga ko Linux za ta yi masa. Filashi mai gigabait 8 ya isa a zuba Linux Mint a ciki, a tayar da kwamfuta daga gare shi, a duba ko sauti da allo da na'urar buga takardu suna aiki. Idan an cire filashin komai zai koma yadda ya ke. Wanda ya gamsu yana iya ajiye manhajojin biyu a na'ura ɗaya ya zaɓi wadda ya ke so idan ya kunna, amma tilas ya fara kwashe takardunsa masu muhimmanci zuwa wani wuri.

Abin da ya fi ƙaranci a yankin shi ne masu gyaran da suka san wannan aiki. Funtuwa ba ta da nisa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, dukkansu suna yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta. Idan Gwamnatin Jiha da ƙananan hukumomi suka shirya wa masu gyara da malaman makarantu ɗan gajeren horo a lokacin rani, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi kuma kuɗin kaka ke hannu, to tsofaffin na'urorin da ke jibge a ɗakunan ajiya na makarantu da sakatariyoyi za su iya komawa bakin aiki kafin a fara rajistar jarrabawa ta gaba.