Rawar Ƙungiyoyin Hidimar Al'umma a Tarihin Neman 'Yancin Jefa Ƙuri'a a Amurka

1.0 Gabatarwa

A ranar Litinin ta uku ta watan Janairun kowace shekara, ƙungiyoyin hidimar al'umma a Amurka sukan fita aikin gayya domin tunawa da Martin Luther King. A shekarar 1994 ne majalisar dokokin ƙasar ta ayyana wannan rana a matsayin ranar hidima ga jama'a. Baya ga share unguwanni da rabon abinci ga mabuƙata, ƙungiyoyi da dama sukan zauna su yi waiwaye a kan gwagwarmayar da Baƙaƙen fata suka yi kafin su sami damar jefa ƙuri'a. Wannan babi zai yi bayani a kan wannan tarihi, tare da fito da rawar da ƙananan ƙungiyoyin unguwa da na ƙauye suka taka a cikinsa.

2.0 'Yanci a Takarda

'Yancin ɗan ƙasa yana nufin haƙƙoƙin da doka ta bai wa mutum saboda kasancewarsa ɗan ƙasa, kamar daidaito a gaban shari'a da cin moriyar makarantu da motocin haya ba tare da wariya ba. 'Yancin jefa ƙuri'a ɗaya ne daga cikinsu, kuma shi ne mai tsare sauran, domin wanda ba ya zaɓen shugaba ba shi da hanyar tsawata masa.

Bayan yaƙin basasar Amurka an yi wa tsarin mulkin ƙasar gyare-gyare guda uku. Gyara na 13 ya haramta bauta a 1865, na 14 ya mayar da 'yantattun bayi 'yan ƙasa a 1868, na 15 kuma ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa a 1870. A shekarar ta 1870 ne Hiram Revels daga jihar Misisifi ya zama Baƙar fata na farko a majalisar dattawa. Mata kuwa sai a 1920 ne gyara na 19 ya tabbatar musu da ƙuri'a.

3.0 Dabarun Hana Ƙuri'a

Da gwamnatin tarayya ta janye hannun sojojinta daga harkokin jihohin kudu a 1877, sai fararen fata masu mulkin jihohin suka shiga neman hanyar kauce wa gyara na 15 ba tare da sun ambaci launin fata ba. Manyan dabarunsu su ne:

(a) Harajin zaɓe, wanda dole mutum ya biya kafin ya jefa ƙuri'a, alhali yawancin Baƙaƙen fata talakawa ne masu noman ƙodago.
(b) Jarrabawar karatu, inda jami'in rajista zai sa mutum ya karanta ko ya fayyace wani sashe na tsarin mulkin jiha, kuma shi kaɗai ne mai yanke hukuncin ci ko faɗuwa.
(c) Sharaɗin kaka, wanda ya yafe jarrabawar ga duk wanda mahaifinsa ko kakansa yake da ƙuri'a kafin 1867. Jikokin bayi ba su shiga wannan sahu ba.
(d) Tsoratarwa ta hanyar kora daga aiki ko daga gona, da duka, har ma da kisa.

Tasirin waɗannan dabaru ya fito fili a jihar Lusiyana. A 1896 Baƙaƙen fata fiye da 130,000 ne ke cikin rajistar masu zaɓe, amma zuwa 1904 adadin ya koma 1,342 kacal.

4.0 Gudummawar Ƙananan Ƙungiyoyi

Idan ana maganar wannan gwagwarmaya, akan fi ambaton manyan ƙungiyoyi irin su NAACP, wadda aka kafa a 1909 kuma ta yi fice wajen kai ƙara kotu. To amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukuncin kotu ba ya kai manomi ofishin rajista, sai an sami wanda ya san shi, ya koya masa, ya kuma raka shi. Misalai uku za su wadatar.

4.1 Matan Mantgomari

A 1946 Mary Fair Burks ta kafa wata ƙungiyar mata a birnin Mantgomari na jihar Alabama, domin ƙarfafa wa mata gwiwar yin rajistar zaɓe. A ranar 1 ga Disamba, 1955, aka kama Rosa Parks saboda ta ƙi tashi ta bai wa farar fata kujera a motar haya. A daren ranar, shugabar ƙungiyar, Jo Ann Robinson, wadda malama ce a wata kwalejin Baƙaƙen fata ta birnin, ta kwana tana buga dubban takardun kira ga jama'a da su ƙaurace wa motocin. An shafe kwana 381 ana wannan ƙauracewa, mutane suna tafiya a ƙasa ko suna rage wa juna hanya, har Kotun Ƙoli ta tabbatar da haramcin wariya a motocin birnin a 1956. A nan ne tauraron Martin Luther King ya fara haskawa.

4.2 Ajin Bayan Kanti

A tsibirin Johns da ke jihar Karolina ta Kudu, wani mai motar haya mai suna Esau Jenkins ya riƙa koya wa fasinjojinsa sassan tsarin mulkin da ake tambaya a wurin rajista. Shi ne ya jagoranci kafa ƙungiyar taimakon kai da kai mai suna Progressive Club a 1948. A 1957, tare da haɗin gwiwar malama Septima Clark, aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a ɗakin da ke bayan kantin ƙungiyar, inda idon masu adawa ba zai kai ba. Malamar farko, Bernice Robinson, mai gyaran gashi ce, kuma ta fara da ɗalibai 14. Ta koya musu rubuta sunayensu, da cike takardun aika kuɗi, da karanta abin da jami'in rajista zai miƙo musu. Daga baya wannan tsari ya bazu a jihohin kudu, musamman bayan ƙungiyar da King ke jagoranta ta karɓe shi a 1961.

4.3 Tattakin Selma

A gundumar Dallas ta jihar Alabama, inda garin Selma yake, kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai na Baƙaƙen fatan da suka isa zaɓe ke da rajista a farkon 1965. Ƙungiyar masu zaɓe ta gundumar, wadda Amelia Boynton take cikin jagororinta, ta daɗe tana fama kafin ta gayyato King. A ranar Lahadi, 7 ga Maris, 1965, mutane kimanin 600 suka tashi tattaki zuwa Mantgomari, amma 'yan sanda suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa a kan gadar Edmund Pettus. An nuna abin a talabijin, hankalin ƙasar ya tashi. An sake tattakin daga 21 zuwa 25 ga Maris, tafiyar kimanin kilomita 87, kuma mutane wajen 25,000 ne suka taru a ranar ƙarshe.

5.0 Dokar 1965 da Abin da ya Biyo Baya

Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan Dokar 'Yancin Jefa Ƙuri'a a ranar 6 ga Agusta, 1965. Dokar ta dakatar da jarrabawar karatu a yankunan da suka yi ƙaurin suna, ta ba da damar tura jami'an tarayya su yi rajista, ta kuma wajabta wa waɗannan yankuna neman izinin tarayya kafin su sauya kowace dokar zaɓe. A Misisifi, rajistar Baƙaƙen fata ta tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin 100 a 1964 zuwa kusan kashi 60 a 1967. Sai dai a 2013 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta soke ma'aunin da ake tantance yankunan da ke neman izini, abin da ya sa wannan sashe ya daina aiki. Tun daga lokacin muhawara ta sake zafi a kan sharuɗɗan katin shaida da rufe rumfunan zaɓe.

6.0 Kammalawa

Abin da ƙungiyoyin hidima suka fi jaddadawa idan suna waiwayen wannan tarihi shi ne, doka kaɗai ba ta isa ba: shekara 95 ce tsakanin gyara na 15 da dokar da ta sa ya yi aiki a kudu. Haka nan hidimar yau da kullum, kamar koyar da karatu da rage wa maƙwabci hanya, ita ce ta gina amanar da aka dogara da ita a ranar gwagwarmaya. Hukuncin 2013 kuma ya nuna cewa haƙƙin da aka samu yana iya yin rauni idan aka yi sake da shi.

Auna Fahimta

1. Kawo dabaru uku da aka bi wajen hana Baƙaƙen fata ƙuri'a, tare da bayanin yadda kowace take aiki.
2. Me ya sa aka buɗe ajin tsibirin Johns a bayan kanti?
3. Tattauna dangantakar yaƙi da jahilci da 'yancin jefa ƙuri'a.