Da Wane Mudu Ake Auna Aƙidar Ɗan Takara?

A ƙarshen Janairun 2008, ana tsakiyar fafatawar fid da gwani ta jam'iyyar Democrat a Amurka, mujallar National Journal ta fitar da jadawalin da ta saba fitarwa duk shekara, inda take jera 'yan majalisa gwargwadon yadda suka kaɗa ƙuri'a. Sanata Barack Obama, ɗaya daga cikin 'yan takarar, shi ne ya zo na ɗaya cikin masu sassaucin ra'ayi na shekarar 2007, har ya sha gaban Bernie Sanders, wanda da bakinsa yake cewa shi mai ra'ayin gurguzu ne. Faɗuwa ta zo daidai da zama ga 'yan Republican, suka yi ta yamaɗiɗi da zancen har ranar zaɓe. Shekara huɗu kafin nan ma haka jadawalin ya yi wa ɗan takarar Democrat John Kerry. Masana siyasa kuwa cewa suka yi a dakata tukuna, a ga mudun da aka yi awon da shi.

Shi dai wannan zance na hagu da dama a Faransa ya samo asali. A 1789, lokacin juyin juya hali, wakilan da ke son sarki ya ci gaba da riƙe ikonsa sun zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu son a rage masa ƙarfi suka zauna a hagu. Wurin zama ya koma sunan aƙida. A Amurkar yau, hagu na nufin masu son gwamnati ta sa hannu a harkar lafiya da tallafa wa marasa ƙarfi, ta kuma ƙara wa masu hannu da shuni haraji. Dama kuwa ta masu ra'ayin riƙau ce, masu son a rage haraji, a sakar wa kasuwa mara, a riƙe al'adun da aka gada. Faɗin wannan ba wuya. Wahalar ita ce a nuna daidai inda mutum yake tsaye tsakanin gefen biyu.

Mudun da ya fi karɓuwa a jami'o'i shi ne wanda Keith Poole da Howard Rosenthal suka ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, wanda aka fi sani da DW-NOMINATE. Sun zuba wa kwamfuta duk ƙuri'un da aka rubuta da sunayen masu su a majalisun tarayyar Amurka tun daga 1789. Ba a gaya mata abin da kowane ƙuduri ya ƙunsa. Abin da take lura da shi kawai, wa ya ce i tare da wa, wa ya ce a'a tare da wa. Kamar baƙo ne da ba ya jin yaren gari, ya zauna a ƙofar fada shekara guda yana kallon wanda ke shimfiɗa buzu kusa da wani. Ko bai fahimci kalma ɗaya ba, zai iya gaya maka ɓangarorin garin. Daga nan sai a ba kowane ɗan majalisa maki tsakanin -1, ƙarshen hagu, da +1, ƙarshen dama.

Abin da ya ba masanan mamaki shi ne wannan layi guda ya isa a yi hasashen mafi yawan ƙuri'un da ɗan majalisa zai kaɗa. Ya kuma nuna yadda tazara ke ƙaruwa. A shekarun 1960 akwai 'yan Democrat na kudancin ƙasar da suka fi wasu 'yan Republican ra'ayin riƙau. Yanzu wannan cuɗanya ta ƙare, kowace jam'iyya ta koma gefenta.

A wannan mudu Obama bai kai ƙarshen hagu ba, akwai sanatoci da dama da suka wuce shi. Me ya kawo saɓanin? Ita National Journal da kanta take tsamo ƙuri'un da take ganin sun fi muhimmanci, ɗan takarar shugaban ƙasa kuwa yana can yawon neman jama'a, ba ya leƙo majalisa sai ranar da jam'iyyarsa ta matsu da ƙuri'arsa. Rashin zuwa sai ya mayar da shi tamkar mai tsattsauran ra'ayi. Irin haka ta faru da Sanata Kamala Harris. Shafin GovTrack, da ke awo da ƙudurorin da ɗan majalisa ya sa wa hannu, ya sa ta a ƙarshen hagu a 2019. Da ta zama 'yar takarar shugaban ƙasa a 2024 masu shafin suka janye jadawalin, suka ce bayanan shekara guda sun yi kaɗan a yanke hukunci da su.

Shi ma mudun Poole da Rosenthal yana yoyo. Idan 'yar majalisa irin Alexandria Ocasio-Cortez ta ƙi ƙudurin jam'iyyarta saboda tana ganin bai kai yadda take so ba, 'yan Republican kuma suka ƙi shi saboda ya wuce gona da iri, kwamfuta ganinsu take a sahu ɗaya, sai ta jawo ta kusa da tsakiya. Zama da maɗaukin kanwa ya jawo mata farin kai ke nan.

Babban giɓin ma shi ne ba kowane ɗan takara ne ya taɓa zama a majalisa ba. Ronald Reagan da Bill Clinton da George W. Bush daga gidan gwamna suka fito. Donald Trump bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba kafin zaɓen 2016. Don cike wannan giɓi, Adam Bonica na Jami'ar Stanford ya bi sawun kuɗi. Dokar Amurka ta tilasta a bayyana sunan duk wanda gudummawarsa ga ɗan takarar tarayya ta haura dala 200, sai ya tattara bayanan gudummawa sama da miliyan 100 tun daga 1979. Hujjarsa ita ce mutum ba ya zuba dukiyarsa inda zuciyarsa ba ta kwanta ba, don haka 'yan takarar da mutane iri ɗaya ke ba wa kuɗi maƙwabtan juna ne a aƙida. Sai dai akwai mai bayarwa don neman fada. Trump ɗin kansa ya taɓa ba Hillary Clinton gudummawa lokacin da take sanatar New York.

Wani mudun kuma na magana ne. Tun 1979 wata ƙungiyar masana a Turai take bin manufofin jam'iyyun ƙasashe sama da 50 jimla-jimla, tana ƙirga nawa suka karkata hagu, nawa suka karkata dama. Amma bakin ɗan takara yana bin inda ƙuri'a take. Wani masani, Anthony Downs, ya bayyana dalili tun 1957: inda jam'iyyu biyu ke takara, wanda ya kama mai zaɓe na tsakiya shi ke da nasara. Shi ya sa ake jin zafafan kalamai a zaɓen fid da gwani, sannan murya ta yi sanyi a babban zaɓe. Gwamna Mitt Romney ya sa hannu a dokar inshorar lafiya a jihar Massachusetts a 2006, ya zo takarar shugaban ƙasa a 2012 yana yaƙar makamanciyarta da Obama ya kafa. Wane Romney za a auna?

Mudun kuma ba ya ƙetare iyaka. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta Birtaniya tana kare tsarin kiwon lafiya na gwamnati da aka kafa a 1948, abin da a Amurka sai 'yan can ƙarshen hagu ke nema. Tiyar wannan kasuwa daban take da ta waccan.

Najeriya ta taɓa gwada saukar da wannan layi daga sama. A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa jam'iyyu biyu, SDP ɗan kaɗan zuwa hagu, NRC ɗan kaɗan zuwa dama, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi. Ranar 12 ga Yunin 1993 attajirai biyu ne suka riƙe tutocin, Moshood Abiola da Bashir Tofa. Wanda ya ga zamanin jam'iyyun NEPU da NPC ya san bambancin aƙida na gaske ba haka yake ba. A 2023 ma, Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi duk sun yi alƙawarin janye tallafin man fetur, batun da ya fi kowane taɓa aljihun talaka.

Da Poole da Rosenthal za su zo Abuja da kwamfutarsu, da sun koma hannu rabbana, domin yawancin hukuncin majalisunmu da ƙuri'ar murya ake yanke shi. Shugaba ya saurari ɓangaren da ya fi amo, ya buga guduma, babu takardar da ta nuna wane ya ce me. Amurkawa suna gardama a kan mudu ne saboda suna da hatsin da za su auna, an shafe shekara sama da 230 ana tara musu shi. Mu kuwa, sanata zai yi shekara takwas a zaure, ya fito neman shugabancin ƙasa ya ce shi na talakawa ne, babu abin da za a buɗe a ƙaryata shi ko a gaskata shi. Kafin a yi zancen hagu da dama, a fara rubuta sunan kowa kusa da ƙuri'arsa.