Koyon harshe tare da yara a gida a yammacin Zamfara

Koyon harshe tare da yara a gida shi ne uwa ko uba su zauna da ɗansu suna koyon yaren da su kansu ba su ƙware a kai ba. A Amurka, iyayen da ke karantar da 'ya'yansu a gida sukan yi haka da Sifaniyanci. A ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum na Jihar Zamfara kuwa, inda Hausa ce harshen gida, Larabci aka fi koyo ta wannan hanya, sai Turanci.

Tarihi

Karatun cikin gida ya girmi makarantar boko a yankin. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, kuma a littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke karɓar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka.

Yadda ake yi

Yawanci bayan sallar asuba ko magariba ake zama. Yaro ya biya abin da aka ba shi a makarantar allo ko Islamiyya, uwa tana bi. Ana farawa da babbaƙu, sai farfaru, wato wasula, sannan a haɗa kalma. Sau da yawa yaron ne ke gaba, domin kullum yana gaban malami, ita kuwa sai ta sauke tukunya.

Akwai wani saɓani da kan rikita masu farawa. Iyayen da suka yi makarantar allo da ruwayar Warshu suka tashi, cikin rubutun Magaribi, wanda ke sa wa harafin fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Yawancin Islamiyyu na yanzu Hafsu suke koyarwa, a rubutun Gabas, inda ɗigo ɗaya a sama fa ne, ƙaf kuma biyu gare shi. Don haka uba kan gyara wa ɗansa abin da ba kuskure ba ne. Bayan wannan, iya karanta Alƙur'ani daban, jin Larabci daban. Ma'ana tana zuwa ne in an shiga littattafai irin su Ahalari da Ishmawi, waɗanda ake fassarawa da Hausa kalma bayan kalma, da Ajurumiyya a fannin nahawu.

Turanci ya fi wuya a gida. Da shi ake rubuta yawancin darussan WAEC da NECO, amma ba kasafai ake jin sa a kasuwa ko masallaci ba, kuma ba shi da tsohon tsari irin na allo da iyaye za su bi.

Rufe makarantu a 2021

Dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yara a makaranta, saboda haka karatun gida ƙari ne a kan na aji. Rashin tsaro ya sa wani lokaci shi kaɗai ke rage. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun kwana. Da aka sake sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun ranar 1 ga Satumba, sai aka rufe makarantun firamare da sakandare na jihar, kuma cikin kwanaki aka katse layukan waya. Mai koyo ta intanet ya tsaya cik. Abin da ya rage wa iyalai, har da waɗanda suka yi gudun hijira zuwa garin Anka, shi ne allo, tsofaffin littattafan firamare, rediyo, da karatun da aka riga aka ɗora a katin waya.