Faɗuwa Da Gangan A Filadalfiya

A da, a ƙa'idar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, kulob ɗin da ke can ƙasa shi ya fi samun damar zaɓen matasa masu hazaƙa. Dalili ke nan Sam Hinkie, manajan 76ers na Filadalfiya, ya shiga rabuwa da gwanayensa tun 2013, domin a yi ta lallasa kulob ɗin. Aka kuwa lallasa shi. A kakar 2015 zuwa 2016 wasa 10 kacal ya ci cikin 82, 'yan kallo na biyan kuɗin ƙofa suna haɗiye takaici.

Ribar ita ce Joel Embiid, ɗan Kamaru, wanda aka zaɓa a 2014, ya zama gwarzon gasar a 2023. Shi Hinkie tun 2016 ya yi murabus. Kofi kuwa, har 2025 shiru.