Fitsari, Ciwon Kwankwaso da Jinkirin Gano Ciwon Ƙoda

Tun bayan da gwamnatin tarayyar Najeriya ta sanar a shekarar 2025 cewa ta rage kuɗin wankin ƙoda daga kimanin naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, muhawarar jama'a ta karkata kan injin wankin da farashinsa, alhali da yawa daga masu hawa injin nan sun yi shekaru da cutar ba su sani ba. Wani ɓangare na wannan jinkiri ya samo asali ne daga fahimtar da ta yi jijiya a cikin al'umma, wato ɗaukar ciwon kwankwaso a matsayin alamar ciwon ƙoda, da ɗaukar rashinsa a matsayin shaidar lafiya.

Ƙodar da hawan jini ko ciwon sukari ke cinyewa a hankali ba ta yin ciwo, kuma mafi yawan ciwon kwankwaso na tsoka ne da ƙashi, sai fa idan tsakuwa ce ta toshe hanyar fitsari ko ƙwayoyin cuta suka hau daga mafitsara. Abin takaici shi ne mai ciwon bayan yakan nufi kemis ya sayi diclofenac ko ibuprofen ya yi ta haɗiya wata da watanni, su kuwa magungunan nan suna rage jinin da ke isa ƙoda, ta yadda tsoron cutar ne ke tura shi zuwa gare ta.

Shi ya sa ma'aikaciyar jinya ba ta tsayawa kan tambayar inda ke ciwo, hankalinta na kan fitsari. Ƙodoji biyu suna tace kimanin lita 180 na ruwa daga jini a kullum, su mayar da kusan dukkansa jiki, su fitar da lita 1 zuwa 2 kacal, saboda haka idan fitsarin babban mutum ya gaza mililita 400 cikin awa 24, abin ya zama na gaggawa. Don gano haka ne ake rubuta duk ruwan da majinyaci ya sha da wanda ya fitar, amma sau da yawa 'yan uwa masu jinya sukan zubar da abin da ke cikin fo saboda kunya ko tsabta kafin a auna, lissafin yini guda ya lalace. Takan kuma danna babban yatsa a ƙwaurin majinyaci ta ga ko zai bar rami, ta duba kumburin fuska da safe, ta auna nauyinsa kullum, domin ƙarin kilo ɗaya a dare guda kusan lita ɗaya ce ta ruwa da ta taru a jiki.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari, wanda launinsa ke sauyawa idan akwai furotin, wato sinadarin gina jiki da ya kamata ya tsaya cikin jini. Ƙoda mai lafiya kamar rariya ce mai kyau. Idan ramukanta suka buɗe, tsaki kan bi gari ya sauka, kuma kumfar da ke daɗewa a kan fitsari na iya zama alamar wannan yoyo. Tabbatarwa sai da gwajin kiriyatinin, wani dattin tsoka da ke taruwa a jini idan tacewa ta ragu.

A yankin Gashuwa na jihar Yobe, inda aka daɗe ana kukan yawan masu ciwon ƙoda, da ma sauran karkara, tsinken nan da na'urar awon jini a ƙaramin asibitin ƙauye za su kama mutanen da injin birni ba zai taɓa gani ba, sai dai hukumomi sun fi son ƙaddamar da inji gaban 'yan jarida.