Gyambon Ciki: Ciwon Da Ke Cin Dawakinmu A Ɓoye

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu a Kano ranar Hawan Daushe, ko a Kangiwa a Katsina ranar Sallah, ya san matsayin doki a ƙasar Hausa. Da shi aka yi yaƙi a da, da shi ake ƙawata sarauta a yau, kuma babu wani zamani da aka rasa masu hidimarsa. A shekarar 2024 Hukumar Ilimi da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya hawan daba na Kano cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam. Wasan folo kuma, wanda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo suka ɗaukaka, ya kafu a Katsina da Kano da Kaduna. Ga kuma dawakin 'yan sanda da na 'yan sukuwa.

To, amma akwai wani ciwo da ke addabar waɗannan dabbobi, wanda masu su da yawa ba su ma san dabba tana kamuwa da shi ba, watau gyambon ciki. Sau da yawa akan ga ingarma yana ramewa alhali kuwa ana cika masa komi da dawa safe da yamma. Sai a ce sammu ne, ko kambun baka, ko tsutsa, a yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙe, ciwo kuwa yana can yana ci. Binciken da likitocin dabbobi suka yi a Amurka da Turai da Ostareliya ya nuna cewa a cikin dawakin tsere da ake horarwa, kashi 80 zuwa 90 daga cikin 100 suna ɗauke da wannan gyambo. Abubuwan da suka jawo musu shi kuwa, watau yawan hatsi da ƙarancin ciyawa da zaman ɗaure da aiki mai tsanani, duk ana samunsu a bargunanmu.

YADDA TUMBIN DOKI YAKE

Kafin a fahimci ciwon, wajibi ne a san yadda Allah ya ƙagi cikin wannan dabba. Duk girman doki, tumbinsa ƙarami ne, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. Yawancin aikin narkar da ciyawa a babban hanji ake yinsa, inda wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke ruɓar da ita. Saboda haka an halicci doki ne don ya riƙa ci kaɗan-kaɗan ba yankewa. Idan aka sake shi a makiyaya yakan shafe wajen awa 16 a kowace rana yana kiwo.

Tumbin ya kasu kashi biyu. Sashen ƙasa shi ne yake fitar da ruwan tsami mai narkar da abinci, wanda ake kira asid, kuma yana da wata majina mai kauri da ta lulluɓe shi don kada tsamin ya ci shi. Sashen sama ba shi da wannan kariya. Tumbin doki kuwa ba ya daina fitar da tsami dare da rana, ko da abinci a ciki ko babu. Abin da ke kashe kaifin tsamin abu biyu ne: yawu, da kuma ciyawar da aka tauna, wadda takan taru ta yi kamar tabarma a kan ruwan tsamin. Doki ba ya samar da yawu sosai sai yana tauna, tauna ciyawa kuma ta fi tauna hatsi kawo yawu nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, doki ba ya iya amai, abin da ya shiga tumbinsa ba shi da hanyar dawowa.

Da zarar doki ya daɗe bai tauna komai ba, tumbi ya wofinta, sai tsamin ya yi ƙarfi ya fara ƙona sashen saman. Wani likitan dabbobi a jihar Bajiniya ta Amurka, Michael Murray, ya gwada haka a shekarun 1990, ya riƙa hana dawaki abinci yini da kwana, ya ba su, ya sake hana su. Cikin 'yan kwanaki gyambo ya bayyana a tumbin dawakin da a da lafiyarsu ƙalau.

ABUBUWAN DA KE JAWO SHI

Na farko shi ne tazara mai tsawo tsakanin ciyawa da ciyawa. A 2009 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan dawaki 201 a ƙasar Denmak, wanda ya nuna cewa haɗarin yana ƙaruwa idan doki ya wuce awa 6 ba ciyawa a gabansa. Haka kuma idan tattaka ce kaɗai abin da yake samu, ko idan aka bar shi a fili ba ruwan sha. Sai mu dubi dokin da aka zuba wa ciyawa da magariba ya cinye kafin lisha, ba zai sake ganin wata ba sai hantsi.

Na biyu shi ne yawan hatsi. Dawa da gero da masara cike suke da sitaci, idan suka yi yawa a tumbi sukan yi tsami, su ƙara wa sashen sama rauni. Binciken na Denmak ya nuna cewa haɗarin yakan kusan ninkawa idan sitacin da doki ke ci a rana ya wuce giram 2 ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Alal misali, dokin da ya kai kilo 400 iyakarsa giram 800 ke nan na sitaci. Tun da kuwa wajen kashi biyu cikin uku na ƙwayar dawa sitaci ne, abin da ya dace da shi bai wuce kilo 1 da 'yan kai na dawa a rana ba. Mutane da yawa suna zuba ninkin wannan a ci ɗaya, musamman idan Sallah ta gabato ana so doki ya yi ƙiba ya cika sirdi.

Na uku shi ne gudu da wofin ciki. A 2002 masu bincike a Jami'ar Fulorida suka nuna cewa idan doki yana sassarfa ko sukuwa, naman cikinsa yakan matse tumbi, ruwan tsami ya fantsama zuwa sashen sama. Idan akwai ciyawa a ciki takan tare shi, idan babu sai ya sami nama tsirara. Al'adar fita kilisa da asuba kafin doki ya sa komai a bakinsa tana da wannan illa. Haka nan ranar hawa, inda ake ɗaura sirdi tun da safe, doki ya yini da linzami a baki cikin rana da ƙarar bindiga da kiɗa, ba ci ba sha, sannan a rufe da sukuwa.

Na huɗu shi ne wahalar tafiya da damuwa. Daga Kano zuwa Ikko wajen kilomita 1,000 ne, dawakin folo kuma sukan yi wannan tafiya a tsaye cikin babbar mota. Doki dabba ce mai son 'yan uwanta, ɗaure shi a turke shi kaɗai, ko sauya masa wuri da mai kula da shi, yakan sa ya rage ci.

Na biyar shi ne maganin kashe zafin ciwo, irin su fenilbutazon da ake ba dokin da ke ɗingishi. Idan aka wuce ƙima, ko aka daɗe ana bayarwa, yakan raunana kariyar sashen ƙasa na tumbi, ya taɓa hanji da ƙoda. Tun 2015 likitocin dawaki na Turai suka raba ciwon gida biyu, gyambon sashen sama da na sashen ƙasa, domin sababinsu da jinyarsu sun bambanta.

ALAMOMI

Dokin da ke fama da gyambo yakan fara cin hatsi da marmari, sai ya ja da baya ya bar saura. Yakan rame, gashinsa ya dushe, ya riƙa yin 'yar murɗar ciki bayan cin abinci, yana waiwayen kwiɓinsa ko yana tona ƙasa. Wani yakan kwantar da kunne ya kai cizo idan aka zo ja masa majayi, wani ya rage gudu ya zama mai gardama, wani kuma ya riƙa cizon haƙora. Duƙushi ma yana kamuwa, nasa kuwa ya fi haɗari. Akan ga yana dalalar da yawu, yana ƙin shan nono, yana kwanciya rigingine, kuma gyambon yana iya huda tumbinsa ya kashe shi.

Sai dai a lura, waɗannan alamomi ba gyambo kaɗai ke kawo su ba. Tsutsar ciki da lalacewar turame da cutar da kaska ke yaɗawa duk suna sa rama. Akwai kuma dawaki masu gyambo da ba sa nuna wata alama. Hanyar tabbatarwa ita ce a hana doki abinci awa 12 zuwa 16, a yi masa allurar kwantar da hankali, likita ya zura wani siririn bututu mai tsawon mita 3 mai ɗauke da fitila da kyamara ta hancinsa har tumbi, ya gani da idonsa. Inda babu wannan na'ura, likita yakan fara kawar da sauran cututtuka, sannan ya gwada magani ya ga yadda dokin zai karɓa.

MAGANI

Babban maganin da aka dogara da shi shi ne omefirazol, wanda hukumomin Amurka suka amince a yi wa dawaki amfani da shi a 1999. Aikinsa shi ne ya rage tsamin da tumbi ke fitarwa, naman ya sami sararin warkewa da kansa. Akan ba da miligiram 4 ga kowane kilo na nauyin doki, sau ɗaya a rana har kwana 28, da sassafe, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a ba shi abinci. Kimanin uku daga cikin huɗu na masu gyambon sashen sama sukan warke cikin wannan lokaci. Na sashen ƙasa ya fi taurin kai, akan haɗa masa da wani magani mai suna sukuralfet, wanda ke lulluɓe gyambon, jinyar kuma takan fi tsawo.

A nan muna jan kunnen masu zuwa kantin magani su sayo ƙwayoyin mutane. Dokin kilo 400 yana bukatar miligiram 1,600 a rana, watau ƙwaya 80 ta mutane mai miligiram 20. Ba shi biyu ko uku asarar kuɗi ce kawai. Idan kuma aka daka ƙwayoyin, tsamin tumbi zai lalata maganin kafin ya yi aiki. Har ila yau, gyambon mutane yawanci wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano, har suka sami lambar Nobel a 2005. A doki ba a tabbatar da haka ba, don haka ɗirka masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba zai warkar da shi ba, yana ma iya kashe halittun hanjinsa masu amfani ya jawo zawo mai tsanani.

Kanwa kuwa, wadda iyaye da kakanni suka saba ba dawaki, gaskiya ne tana kashe kaifin tsami, amma na ɗan lokaci ne, tumbi kuma bai fasa aikinsa ba. Ba ta isa ta warkar da gyambon da ya riga ya kama ba.

RIGAKAFI

Ko an warke, ciwon yakan dawo muddin ba a sake tsarin kiwo ba. Abu mafi muhimmanci shi ne ciyawa. Doki yana bukatar busasshiyar ciyawa wadda ta kai aƙalla kashi 1.5 daga cikin 100 na nauyinsa a kowace rana, watau kilo 6 ga dokin kilo 400. A raba ta sau huɗu ko biyar, a ajiye kaso mai yawa don dare. Bincike a Amurka ya nuna cewa ciyawar alfalfa tana taimakawa saboda yawan sinadarin gina jiki da na ƙashi da ke cikinta. Harawar wake da ta gyada dangin alfalfa ne, sun kuma fi tattaka da karan dawa amfani, sai dai a tabbatar ba su yi fumfuna ba, a kuma kakkaɓe musu ƙasa.

A rage hatsi, a raba shi kashi biyu ko uku, a kuma fara ba da ciyawa kafin shi. Dokin da ake so ya yi ƙiba ana iya zuba masa man gyada kaɗan a cikin dusa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Duk wani canjin abinci a ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ana yinsa. Kada ruwa mai tsabta ya yanke a gabansa, domin yakan sha lita 25 zuwa 50 a rana, a bazara ma fiye da haka. Rabin awa kafin kilisa ko hawa, a ba shi dami kaɗan na harawa. A ranar hawa, idan an sami tsaiko, a zare linzami a bar shi ya tauna wani abu ya sha ruwa. A kan doguwar hanya a rataya masa ciyawa a mota, a riƙa tsayawa ana shayar da shi. Sau ɗaya a shekara likita ya duba turamensa, a kuma bi ƙa'idar maganin tsutsa.

Yaron da ke kwana da doki shi ne zai fara lura idan an bar hatsi a komi, saboda haka ya kamata Shamaki da sauran masu kula da bargunan sarakuna, da kulob-kulob na folo, da rundunar 'yan sandan dawaki, su koya wa yaransu waɗannan abubuwa. Ma'aikatun kula da dabbobi na jihohi suna iya shirya musu bita kafin kowace Sallah. Ɗalibanmu da ke karatun likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri kuma ga fagen bincike a gabansu: a auna yawan wannan ciwo a dawakinmu, a kuma gwada ƙarfin harawar gida wajen hana shi.

Mutum yakan kashe dukiya mai yawa wajen sayen sirdi da jalala da kayan ado. Damin harawa da bokitin ruwa da za a ajiye wa dokin da dare ba su kai kuɗin ko ɗaya daga cikinsu ba, su ne kuwa za su sa ya kai Sallar baɗi da lafiyarsa. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin dabbobin da ya damƙa a hannunmu, amin.