Sabon bene: Me ya sa AC ɗin sama ba ya sanyi kamar na ƙasa?

Sau da yawa mai sabon gida yakan sayo AC masu ƙarfi iri ɗaya, a kafa ɗaya a kowane ɗaki. Sai watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato, sannan a gane kuskuren: ɗakunan ƙasa har da bargo, na sama kuwa na'ura na aiki ba hutu amma gumi bai tsaya ba.

Matsalar daga rufi take. Kwano na shan rana tun hantsi, zafin ya ratso silin, ga kuma iska mai zafi daga ƙasa tana bin matakala tana hawa. Ɗakin da tagarsa ke kallon yamma ya fi kowanne shan wuya da la'asar.

A kasuwa, doki ɗaya na nufin kusan BTU 9,000, ɗaya da rabi 12,000, biyu kuma 18,000. Ɗaki mai mita huɗu-huɗu a ƙasa doki ɗaya kan ishe shi, amma irinsa a sama yakan buƙaci ɗaya da rabi.

Sayen babba ma ba dabara ba ce. Na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki takan tsaya da wuri kafin ta janye laima, musamman da damina, kuma yawan tashinta na gajiyar da kwamfiresa da janareto.

Gara a auna kowane ɗaki tun kafin a yi filasta, a saka wayar da za ta ɗauki nauyin na'urarsa.